Kabarin da Muka Hana Yaya Dong-rak

Jawabin da Pyo Man-gil ya yi a zauren ƙauyen Dolgae, ranar cika kwana arba'in da tara da rasuwar Pyo Dong-rak.

Babban malamin haikalinmu da ya ja mu addu'a da safen nan, Mataimakin Shugaban Gunduma, Baffa Sang-deok, babban dangin Pyo kaf, wanda maganarsa ce ƙarshe a kanmu, Manaja Gu, wakilin kamfani, da ka taso tun daga Seoul, Yaya Mal-sun, matar marigayi, 'yarmu Hye-rim, dangi da maƙwabta, da tsoffin abokan aikinsa da suka ciko mota guda daga Ulsan: ina gaishe ku, kowa a matsayinsa. Sannunku da hanya, sannunmu da rashi.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne Man-gil. Ubana da uban marigayi uwa ɗaya uba ɗaya suke. Shekara huɗu ya ba ni, kuma bai taɓa barina na manta ba. Da Hye-rim ta zo ta ce ni zan yi magana yau, na ce mata, "Ke 'yar nan, kin san shekara biyu da rabi ban gaida ubanki ba?" Ta ce, "Na sani, Baba Man-gil. Ai shi ya sa na zo wurinka." Saboda haka duk wanda ya zo jin kalamai masu sanyi, ya yi haƙuri. Raina a ɓace yake, kuma ban ga dalilin ɓoyewa ba.

Yau ce ranar da ran mamaci ke kama hanyarsa, kowa a nan ya san haka. Mun ƙona turare, mun jera shinkafa da 'ya'yan itace, mun kai goshi ƙasa. Amma tokar Yaya Dong-rak tana cikin tulu, a saman kabad ɗin ɗakin matarsa, saboda majalisar dangi ta ce ba shi da wuri a maƙabartarmu. Kwana arba'in da tara ke nan matar nan tana kwana tana tashi a ƙarƙashin mijinta. Mun zo raka mutum, alhali mun hana shi masauki. A kan wannan zan yi magana, ba a kan wani abu ba.

Ya kasance ma'aikacin matatar mai ta Ulsan shekara talatin da ɗaya, a sashen da ake fitar da iskar haidirojin daga gas. Mutanen Ulsan ga ku nan, ku ƙaryata ni in na yi ƙari. Ya taɓa gaya mini cewa in iskar nan ta kama wuta da rana, ido ba ya ganin harshenta. Don haka a zamaninsu, in ana zargin bututu ya huje, sai mutum ya riƙe tsintsiya a gabansa yana tafiya a hankali, in bakinta ya kama to ga wutar nan. Ba wanda yake son ya riƙe tsintsiyar nan. Shi yake karɓa. Yakan ce, "Ku matsa, ku masu mata kyawawa. Tawa ta riga ta gaji da ni." Yaya Mal-sun, na san kin ji labarin, kuma na san abin da kika jefe shi da shi.

Ya kasance mai gardamar tsiya, wannan ba zan rage masa ba don ya mutu. In ya ce teku za ta janye ƙarfe uku, ko da ruwan ya kai masa wuya sai ya ce agogonka ne ya lalace. Ya kasance mai maƙo da giyar shinkafarsa, mai sakin hannu da jikinsa. Da ya yi ritaya ya dawo gida, muka ɗora masa shugabancin ƙauye, shekara tara. Wa ya manta tarinsa uku a lasifikar gari kafin ya fara sanarwa? Wa ya je ofishin gunduma sau goma sha ɗaya har aka dawo mana da motar haya ta safe? Lokacin da ruwan teku ya yi ɗumi ciyawar da muke nomawa a cikinsa ta ruɓe a kan igiya, shi ya bi gida gida yana duba tukunyar tsofaffi.

Abu ɗaya ya hana shi sakat, makarantar firamarenmu. Da mu ɗari uku muka yi karatu a cikinta. A shekarunsa na ƙarshe a kan kujera, yara shida suka rage. Yakan tsaya a bakin katanga yana ƙirga su kamar za su ƙaru. Ya ce da ni, "Man-gil, shekara ashirin nan gaba wa zai yanka ciyawar kabarinka? Karnuka?"

Ana cikin haka kamfani ya zo. Kun tuna ranar, a zauren nan ne. Suka ciyar da mu farfesun sa, suka rufe tagogi, suka haska mana hoto a bangon can. Za a kafa fankokin iska a cikin teku, a ɗauki wutar lantarkinsu a raba ruwa gida biyu da ita, a sami haidirojin mai tsabta wadda ba a ƙona komai wajen yin ta. Manyan jirage za su zo su kwasa. Aiki ɗari huɗu. Abin da suke buƙata kawai shi ne tudun bayan gari, don shi ke daf da ruwa mai zurfi, a can za a jera tankuna. Tudun da kakanninmu ke kwance a kai tun kafin a san da Seoul ɗin wasu.

Wani ɗan kwalisa cikin kwat ya nuna mana wani layi da ke hawa sama, yana hawa, yana hawa, har ya kusa fita daga bango. Ya ce wannan hasashen kasuwar duniya ne, manyan masana ne suka yi shi. Masana'antun ƙarfe za su saya, masu takin zamani za su saya, jiragen ruwa za su saya, Turai da Japan sai sun yi layi. Iya Bok-rye, ga ta can a baya, ta ɗaga sandarta ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya ce maka zai saya? Ni ko kifi ba na shanyawa sai na san mai ɗauka." Ya yi murmushi ya ce, "Iya, wannan kasuwar duniya ce, ba kasuwar ƙauye mai ci bayan kwana biyar ba." Muka kwashe da dariya, har da ni. Tambayar da ta fi kowace hankali a ranar ke nan, kuma mu muka yi mata dariya.

Yaya Dong-rak ya yarda da su, kuma ba don wauta ba. Ya fi duk wanda ke zauren sanin iskar nan. Ya ce, "Shekara talatin ina dafa ta da hayaƙi, ga ƙirjina shaida. Ita ba ta da laifi, hanyar yin ta ce ƙazanta. In na ga an yi ta da ruwa da iska a garinmu, yara sun dawo makaranta, to na gama."

Yanzu ga inda zan juyo gare ka, Manaja Gu, kuma ka daure ka dube ni. Kowa a ƙasar nan ya san ba a taɓa kabari sai a watan ƙari, watan da kalandar gargajiya ke sakawa bayan shekara biyu ko uku, lokacin da ake cewa masu tsaron sama da ƙasa sun kau da kai. Watan yana tafe, saura mako shida. Kai ka zo gidan Yaya da kalanda a hannu. Ina nan, ni na zuba maka shayi. Ka ce, "Ranka ya daɗe, in kuka bari watan nan ya wuce, wani sai bayan shekara biyu da watanni. Kamfani ba zai iya jira ba, ga wata gunduma can tana roƙonmu." Yaya ya tambaye ka, "An sami masu saye?" Ka ce, "Saura sa hannu kawai." Ashe ba mai saye ko ɗaya da ya ɗaure kansa. Ashe shugabanninku ma ba su yanke shawarar ƙarshe ba. Kun so ku nuna wa masu zuba jari fili fayau, shi ke nan. Kun karanci kalandarmu fiye da mu, kuka kama mu ta wurin da ba ma iya gardama.

Kabari ɗari biyu da goma sha huɗu muka tone cikin kwana ashirin da tara. Wanda bai ga wannan aikin ba kada ya ce mini ya san wahala. Rana ta goma sha bakwai aka zo kan na mahaifina. Da aka ɗaga murfi, ƙasusuwansa suka fito rawaya shar, busassu, ba ruwa ba saiwa. Tsofaffi suka ja da baya. Kun san ma'anar wannan: wurin ya karɓe shi, yana kwance cikin daɗi, irin kabarin da ba a motsawa. Masu tono suka ajiye shebur. Na ce, "Yaya, a rufe. Ka bar mini ubana." Ya ce, "Man-gil, in na bar naka, me zan ce wa mutum ɗari da ashirin da aka riga aka ɗaga nasu?" Na ce, "Ka ce musu ƙaninka ya roƙe ka." Ya cire takalmi, ya shiga ramin da kansa, ya naɗe ƙasusuwan a farar takarda ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba masa. Na ga hawayen, ban ji tausayinsa ba. Daga ranar ban sake yi masa magana ba.

Aka ƙona ƙasusuwan kakanninmu duka, aka jera tokarsu a sabon fili kusa da titi, kowa da ɗan dutsensa mai lamba. Katafila ta sare rabin tudu, aka kewaye shi da waya. Sai shiru. Bazara ta wuce, sanyi ya wuce, ba tanki ba fanka. Bayan shekara guda takarda ta iso, layi huɗu: an ɗage aikin har sai yanayin kasuwar duniya ya gyaru.

Yanayin kasuwa! Kamar ruwan sama ne, ba wanda ya jawo shi. Hye-rim, ke kika riƙa karanta wa ubanki rahotannin nan ta waya kina fassara masa, ki gaya wa mutane in ƙarya nake. Kowace shekara masanan nan suna fitar da sabon hasashe, kowace shekara layin yana sunkuyowa. Wai mai tsabtar ta ninka ƙazamar tsada, wai waɗanda suka yi ta tafi a manyan taruka da aka ce su sa hannu sai kowa ya sa hannunsa a aljihu. Wai gwamnatoci sun canza, tallafi ya makara, fankoki sun yi tsada. Ayyuka irin namu an soke su a ƙasa kaza da ƙasa kaza. To yaushe suka gane tana da tsada? Ba ta da tsada ranar da aka haska mana bango? Sun rubuta cewa har yanzu akwai kyakkyawan fata, ci gaban ne ya ɗan yi jinkiri. Su a wurinsu an goge lamba ne an rubuta wata, a sha kofi, a jira baɗi. Ba wanda aka kora, ba wanda ya ba da haƙuri. Mu kuma ta ina za mu mai da toka ta zama ƙashi, mu mai da rabin tudu inda yake?

Ban ce iskar nan ƙarya ba ce. Wataƙila jikokinmu su ga jiragen da aka yi mana alkawari, a wata gaɓar. Abin da nake cewa shi ne, mutumin da ke zana layi a ofis mai sanyi a wata ƙasa bai san akwai ƙauyen da zai tashi matattunsa a kan layin nan ba. Wanda ya sani kuwa, ya ɗauko layin ya kawo mana a matsayin alkawari, yana zaune a sahun gaba. Mataimakin Shugaban Gunduma, kai ma ba zan tsallake ka ba. Hotonka yana nan da farar safar hannu da shebur mai kintinkiri. Da takardar ɗagewa ta zo, sau nawa Yaya ya zauna a bencin ofishinku aka ce masa kana taro?

Amma duk wannan bai kai abin da mu muka yi ba, mu mutanen Dolgae. Kamfani yana da nisa, masana ba mu san fuskarsu ba, gunduma tana da mai gadi. Wa ke kusa? Dong-rak. Sai muka sauke masa duka. Muka cire shi daga kujera. Ya shigo shago, hira ta mutu. Bara, a walimar girbi, a zauren nan, ya zauna a ƙarshen tebur da kofinsa a gaba. A garin nan ko baƙon da ba a san ubansa ba ba ya zuba wa kansa abin sha. Kwalba ta zagaya sau uku, ta tsallake shi sau uku. Daga ƙarshe ya miƙa hannu ya zuba wa kansa, ya shanye, ya sunkuya ya gaishe mu, ya fita. Ina zaune daura da shi, kwalbar tana gefen hannuna na dama.

Ku gaya mini, wa aka ɗaure wa hannu ranar da aka zagaya da takardar amincewa? Kowane gida ya buga hatiminsa. Kowane gida ya karɓi diyya. Ni ma na buga, na karɓa. Wasunmu har sun gyara ɗakunan haya don ma'aikatan da za su zo. Da tankunan sun tashi, da yanzu muna gardamar inda za a kafa masa dutsen girmamawa.

Ya kasance mutumin da bai taɓa cewa "ba ni kaɗai ba ne" ba, ko sau ɗaya, alhali gaskiya ce. Kun san yadda ya mutu, amma zan faɗa don baƙi su ji. Mako biyu kafin bikin girbi, lokacin da kowa ke zuwa yanke ciyawar kaburbura, mu muka tafi sabon fili da almakashi, don ciyawar kowane kabari a can ba ta kai faɗin tabarma ba. Shi kuma ya goya injin yankan ciyawa, ya ɗaga wayar kamfani ta ƙasa ya kutsa. Ya hau abin da ya rage na tudu, yana aske wuraren da babu kowa a ciki. Ashe haka ya yi bara ma, matarsa kaɗai ta sani. Ta ce masa, "Haba baban Hye-rim, wa kake yi wa? Ba sa nan." Ya ce, "Na sani. Amma in sun leƙo tsohon gida, kada su ga an bar shi kamar juji." Rana ta take, zafi ya yi zafi, shekara saba'in da uku. Da azahar injin ya yi ta kuka a wuri ɗaya har aka je aka duba, aka tarar da shi kwance, ya cika.

Kwana uku bayan haka majalisar dangi ta zauna. Baffa Sang-deok, ka ce wanda ya tashi kakanni daga barci ba zai kwanta kusa da su ba. Ka ce a ɗaga hannu. Hannu goma sha ɗaya suka tashi, kuma nawa ya riga na kowa. Ba na faɗar wannan don a ce na yi gaskiya. Ina faɗa ne don kada wani ya ce bare ne ke zaginmu.

Baffa, girmanka a kaina yake, kuma na san abin da ke cin ranka. Iyayenka da matarka suna cikin waɗanda aka ɗaga, ka tsaya a rana kana kallo da shekara tamanin da biyar. Ban raina wannan ba. Amma kai ka koya mana cewa ba a barin na gida a waje. Wanda ya tsere ya bar 'ya'ya mun binne shi. Wanda ya sayar da jirgin ubansa ya shanye mun binne shi. Sai wanda ya yi kuskure yana neman a sami yaran da za su kula da kabarinka? Na ga kana girgiza kai. To, ba zan roƙi a sake zama ba, na san sakamakon.

Yaya Mal-sun, ki ɗago ki dube ni, ko ba ki yafe ba. Kin wuce ƙofar gidana da kwandon kabeji na juya miki baya, kin gaishe ni na yi kamar iska ce. Ba ki taɓa rama mini ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Hye-rim, kin ce in an gama yau za ki ɗauki ubanki ki kai shi Busan, ki kama masa ɗan akwatin haya a gidan ajiye tokar matattu, a bene na huɗu cikin baƙi. Kada ki yi. Mutumin nan bai san kowa a Busan ba, kuma zai yi gardama da maƙwabtansa.

Ga abin da zan yi. A sabon fili kowane mai rai a cikinmu an ware masa wurinsa. Nawa yana layi na uku, jikin na mahaifina. Wurin nawa ne, majalisa ce ta ba ni, kuma ba a rubuta ko'ina cewa ba zan iya bayarwa ba. Na ba Yaya Dong-rak. Gobe da hantsi zan je da sheburina in tona, Hye-rim ta riƙe tulu, uwarta ta zuba ƙasar farko. Wanda ya ga ba zai iya jurewa ba ya zo ya riƙe mini hannu a gaban matattunsa. Wanda kuma ya ga zai iya kama mini tono, ƙasar wurin tana da tauri, ni kuma bayana ba na da ba ne. In tawa ta zo, ku zauna ku ɗaga hannu a kaina yadda kuka ga dama, ba zan ji ba.

Ina godiya ga malam da ya ba mu safiyarsa. Ina godiya ga matan gari da suka yi girki tun jiya, abinci yana nan, kada kowa ya tafi da yunwa. Mutanen Ulsan, na gode, ku kaɗai kuka zo ba tare da kunya a fuska ba. Mataimaki da Manaja, na gode da kuka zauna har ƙarshe, ku kai abin da kuka ji inda ya kamata. Baffa, ka gafarta mini ɗaga murya a gabanka.

Buddha ya haskaka masa hanya, ya sauƙaƙa masa tsallakawa. Kakanni su buɗe masa ƙofa ko da mu mun rufe. A sanyaya zuciyar matarsa da 'yarsa, mu kuma a ba mu kunyar da za ta gyara mu.

Yaya, sauka lafiya. Za ka kwanta kusa da Babana, na san zai tambaye ka me ya kawo ka wurin ɗansa. Ka ce masa ni na aiko ka. In yana da faɗa, ya ajiye mini har in zo.